Mudun da Aka Saya da Bashi

Sau da dama a shekara, motoci sukan shigo ƙasar Karaye ɗauke da matasa daga kowace kusurwa ta Nijeriya, su sauke su a Kusalla, inda sansanin horar da masu yi wa ƙasa hidima na Jihar Kano yake. Mako uku suke yi suna fareti cikin fararen kaya, sannan a rarraba su makarantu da asibitoci da ofisoshi. Mutanen Turawa da sauran garuruwan Karaye da Rogo sun daɗe da sabawa da wannan gani. Ƙarshen karatun jami'a ake kawo musu har gida su kalla, tun kafin gidaje da yawa a cikinsu su san yadda farkonsa yake.

Daga 2024 wannan sansani ya sami wata ma'ana ta biyu. Dokar bashin ɗalibai da Shugaba Bola Tinubu ya sa wa hannu ranar 3 ga Afrilu na waccan shekara ta ce za a fara biyan bashin ne shekara biyu bayan kammala hidimar ƙasa. Ke nan duk wanda ya yi karatu da kuɗin asusun NELFUND, ranar da ya sa ƙafa a sansani irin na Kusalla, ranar ce wa'adinsa ya fara matsowa.

A Abuja ana tattauna al'amuran jami'a ne a teburori uku. Hukumar JAMB da hukumar kula da jami'o'i, NUC, suna ƙidayar ɗalibai da kujeru. Asusun TETFund da ƙungiyar malaman jami'a, ASUU, suna maganar bincike da kayan aiki. NELFUND da gwamnatocin jihohi suna maganar wanda zai biya. A gidan manomin Turawa kuwa tebur ɗaya ne, tambayar ma ɗaya ce: abin da aka ci bashi aka saya, cikakken mudu ne ko kuwa an tauye? Amsar tana rataye ne a kan yawan mutanen da ke zaune a aji tare da ɗansa, da kuma ko malamin da ke gaban ajin yana da sauran lokaci da kayan aikin da zai gano wani sabon abu.

Daga ɗalibai goma

Mai tasowa daga Karaye ta Kabo da Durum yakan faɗo titin Gwarzo a Janguza, ɗan tafiya kaɗan sai ga sabon matsugunin Jami'ar Bayero. Wannan jami'a ta samo asali ne daga wata ƙaramar kwaleji da aka buɗe a 1960 a cikin Makarantar Nazarin Larabci ta Kano. Da aka kafa Jami'ar Ahmadu Bello a Zariya a 1962, sai ta zama reshenta da sunan Kwalejin Abdullahi Bayero, kuma ɗalibai goma ne suka fara karatun digiri a cikinta a 1964. Ta zama cikakkiyar jami'a a 1977, da Dakta Mahmud Tukur a matsayin shugabanta na farko. Yau ɗalibanta sun haura dubu 30.

Irin wannan bunƙasa ce ta faru a ƙasar baki ɗaya. A 1962 jami'o'i biyar ne a Nijeriya. Yanzu sun haura 250. A Kano kaɗai an sami ta Wudil a 2001, da Northwest a 2012, da masu zaman kansu irin su Skyline da Maryam Abacha da Al-Istiqama ta Sumaila. A 2025 kuma aka mayar da kwalejin fasaha ta tarayya da ke Kabo jami'ar kimiyya da fasaha, a maƙwabtan Karaye. Duk da haka kujerun ba su wadatar ba, domin kusan mutum miliyan 2 ne suka zauna jarrabawar JAMB a 2025.

Babu mai hankalin da zai yi baƙin ciki da wannan yawa. Da ƙofar ta tsaya yadda take a 1964, da ɗan Turawa bai taɓa shiga ba. Sai dai yawan ba a daidaita yake ba. A watan Agusta 2025, lokacin da majalisar zartarwa ta tarayya ta dakatar da kafa sababbin manyan makarantun tarayya na tsawon shekara bakwai, Ministan Ilimi Tunji Alausa ya ce jami'o'i 199 kowacce ba ta sami masu nema 100 ba ta hanyar JAMB, 34 kuma ko mutum ɗaya bai neme su ba. Dalilin a bayyane yake. Talaka yana neman inda kuɗi ya fi sauƙi kuma suna ya fi ƙarfi, wato tsofaffin jami'o'in gwamnati. Can ake cunkoso, can ake zama a kan taga da matakala ana sauraron lacca, alhali wasu sababbin gine-gine suna tsaye babu kowa.

NUC tana da ma'auninta na adadin ɗaliban da ya kamata su hau kan malami guda: 30 a fannonin adabi da zamantakewa, 20 a kimiyya, 15 a aikin gona da injiniyanci, 10 a likitanci. Kwamitin da gwamnati ta naɗa a 2012 ƙarƙashin Farfesa Mahmood Yakubu domin duba halin jami'o'in gwamnati ya ƙidaya malamai 37,504 ga ɗalibai sama da miliyan 1.2, kuma kashi 43 cikin 100 ne kawai na malaman suke da digiri na uku. A wasu jami'o'in ya tarar da malami ɗaya ga ɗalibai fiye da 100. Tun daga lokacin ɗalibai sai ƙaruwa suke, yayin da malamai da yawa suka yi ritaya ko suka kama hanyar ƙasashen waje.

Wa yake biya

Iyayen da suka yi jami'a a shekarun 1970 suna tuna zamanin da gwamnati take ɗaukar mafi yawan nauyin abinci da masauki. A Afrilu 1978 ƙarin kwabo 50 a kuɗin abincin yini, daga naira 1.50 zuwa naira 2, shi ya tayar da zanga-zangar da ta nemi a tsige Kwamishinan Ilimi na tarayya, Kanar Ahmadu Ali, har aka rasa rayukan ɗalibai a Legas da Zariya. A tsakiyar shekarun 1980 aka janye tallafin abincin. Bashin ɗalibai ma ba baƙo ba ne: an kafa hukumarsa a 1972, aka kuma yi dokar bankin ilimi a 1993, dukansu suka shuɗe, babbar matsalar ta farkon ita ce kuɗin da aka ranta ba su dawo ba.

A hukumance har gobe jami'o'in tarayya ba sa karɓar kuɗin koyarwa. Abin da ɗalibi yake biya kuɗin rajista ne da na hidimomi: lantarki, ruwa, jarrabawa, asibiti, ɗakin gwaje-gwaje. Da aka cire tallafin man fetur ranar 29 ga Mayu 2023, darajar naira kuma ta faɗi, sai waɗannan hidimomi suka yi tsadar da jami'o'i suka ce ba za su iya ɗauka ba. A watan Yuni na shekarar Jami'ar Bayero ta sanar da sabon farashi. Waɗanda suke biyan abin da bai kai naira dubu 50 ba suka wayi gari da kusan dubu 100, sababbin ɗaliban aikin jinya kuwa nasu ya haura dubu 200. Sauran jami'o'in tarayya ma haka suka yi.

Gwamnatin Kano ta kawo ɗauki. A Agusta 2023 Gwamna Abba Kabir Yusuf ya amince da naira miliyan 700 domin ɗalibai 7,000 'yan jihar da ke Jami'ar Bayero, ya rage rabin kuɗin makarantun gaba da sakandare na jiha, ya kuma farfaɗo da tura ɗalibai ƙasashen waje da mutum 1,001 masu neman digiri na biyu a Indiya da Yuganda. 'Yan majalisa da masu hali su ma suka riƙa biya wa 'yan mazaɓunsu. Wannan ya ceci mutane da yawa daga barin karatu, amma kyauta ce da take zuwa idan mai bayarwa ya ga dama, ba a iya gina shekara huɗu ko biyar a kanta.

Shi ya sa NELFUND ta zama babban labari. Dokar farko ta Yuni 2023 ta gindaya sharuɗɗan da suka fi ƙarfin ɗan ƙauye, har da kawo mutum biyu masu tsaya masa daga cikin manyan ma'aikata ko lauyoyi da makamantansu. Dokar 2024 ta cire wannan. Da aka buɗe shafin nema a intanet ranar 24 ga Mayu 2024, abin da ake buƙata shi ne lambar JAMB, lambar katin ɗan ƙasa, lambar banki da shaidar shiga makaranta. Ana tura kuɗin rajista kai tsaye ga jami'a, ɗalibi kuma a tura masa naira dubu 20 a wata domin ya ci abinci. Babu kuɗin ruwa, abin da ya kwantar da hankalin iyaye Musulmi masu gudun riba. Ɗaliban Arewa sun rungume shi hannu bibbiyu, Jami'ar Bayero tana cikin waɗanda ɗalibansu suka fi nema.

Wani ɗan Turawa

Akwai wani saurayi ɗan Turawa, ɗan fari a gidansu, wanda ya sami gurbin karatun aikin gona a wata jami'ar gwamnati da ke wata jihar. Shekara biyar ne karatun, amma yajin aikin ASUU na wata takwas a 2022 ya ƙara masa. Shekarun farko mahaifinsa da masara yake biya. Idan an yi girbi sai ya ware buhuna a gefen ɗaki, ya ce waɗannan na makaranta ne, ko ana yunwar bazara ba a taɓa su. Da kuɗin ya ninka, buhunan suka kasa. Mahaifiyarsa ta sayar da tunkiyar da take kiwo. Da zancen bashin gwamnati ya zo, uban ya kwana biyu bai ce komai ba, sai da ya tambayi limamin unguwa ya tabbatar babu ruwa a ciki, sannan ya kira ɗan ya ce: "Bashi hanji ne, yana cikin kowa. Ka karɓa, amma ka san abin da za ka dawo da shi."

Naira dubu 20 a wata ba ta kai naira 700 a rana ba. Da ita, da ƙunshin garin masara da kuka da daddawa da Inna take ɗaure masa duk hutu, ya kai shekarar ƙarshe, shekarar da kowane ɗalibi yake rubuta kundin bincikensa.

Tun yana yaro ya san abin da yake so ya bincika. Gonar mahaifinsa tana fama da ƙuduji, ciyawar nan mai kyakkyawan fure da take manne wa saiwar dawa da masara ta tsotse su. Uban ya ji ana cewa idan aka shuka waken soya shekara guda, ƙudujin yakan ragu a shekara mai zuwa, yana kuma yi, amma bai san ko shekara ɗaya ta isa a irin ƙasarsa ba. Saurayin ya tsara ya raba gonar gida-gida, ya ƙirga ƙudujin kowane ɓangare, ya kai ƙasar ɗakin gwaje-gwaje a auna ƙarfinta.

Malamin da aka ba shi ya duba aikin mutumin kirki ne, ya kuma yaba da tunanin. Amma sai ya nuna masa tarin takardun jarrabawa da ke kan tebur da ƙasa, ya ce: "Ka ga, ku da yawa ne a hannuna bana, ban da 'yan digiri na biyu. Na'urar da za ta yi awon ta lalace, sinadaran kuma sai dai ka saya da kuɗinka ka kai wani wuri. Kana da shi?" Saurayin ya ce: "Ranka ya daɗe, ba ni da shi." Malamin ya ce to a sauya. Aka koma takardar tambayoyi: ya zagaya ya tambayi manoma ra'ayinsu game da ƙuduji, ya jera amsoshin a jadawali. Wasu abokansa ko wannan ba su yi ba. Shagunan buga takardu na bakin makaranta suna da tsofaffin kundaye da ake sauya wa suna da shekara.

Ya ci jarrabawa da sakamako mai kyau. Da ya dawo gida, wata rana suna gona, uban ya tsaya a kan wani tsiron ƙuduji ya ce: "Kai, me malaman naku suka gano a kan wannan?" Ya ce: "Baba, ba mu kai ga awon ƙasar ba." Dattijon ya tuge ciyawar ya yar, ya ce: "To, Allah ya sa albarka." Bai sake tayar da maganar ba.

Babu wanda ya cuci wannan gida da gangan. Asusun ya biya abin da ya yi alkawari, jami'ar ta ba da takardar shaida, malamin ya yi iyakar ƙoƙarinsa. Amma abin da aka je saye, wato iya ɗaukar matsala a auna ta a fito da amsa, shi ne bai shiga mudun ba, bashin kuwa cikakke aka rubuta shi.

Abin da bincike yake haifarwa

Mutane da yawa suna ɗaukar bincike a matsayin wata hidimar farfesoshi da suke yi domin ƙarin girma. Manomin Karaye da Rogo yana cin moriyarsa kullum ko da bai san sunansa ba. Cibiyar binciken aikin gona ta Samaru, wadda ta faro a 1922 ta kuma shiga ƙarƙashin Jami'ar Ahmadu Bello a 1962, ita ce ta fito da irin masara masu suna SAMMAZ, waɗanda aka samar da wasunsu domin jure ƙuduji da ƙarancin ruwa, tare da haɗin gwiwar cibiyar IITA. Ita ce kuma ta fito da waken SAMPEA 20-T a ƙarshen 2019, mai jure tsutsar da take huda kwanson wake. A Jami'ar Bayero akwai cibiyar nazarin noma a yankuna masu ƙarancin ruwa, wadda aka kafa a 2012 da tallafin gidauniyar MacArthur, daga baya Bankin Duniya ya sa ta cikin fitattun cibiyoyin Afirka. Waɗannan shaida ce cewa idan aka ba malamin Nijeriya kuɗi da kayan aiki da ɗalibai daidai ƙarfinsa, yana fito da abin a zo a gani.

Rashinsa ma ana jin sa a jiki. A 2016 tsutsar da manoma suka raɗa wa suna Sharon ta cinye gonakin tumatir a Kano da Kaduna da maƙwabtansu, har masana'antar tumatir ta Dangote da ke Kadawa ta tsaya. Masu noman rani a kewayen madatsar ruwan Challawa da ke Karaye sun san irin wannan fargaba. A ranar da sabuwar annoba ta sauka a gona, ba a fara neman masani. Wanda aka horar shekara goma da suka wuce shi ne yake amsawa.

Sai da ruwan ciki ake jan na rijiya. Bincike yana cin abu uku: lokaci, lantarki da kuɗi. Yawan ɗalibai yana cinye na farko, domin malamin da zai duba takardun mutum ɗaruruwa ba shi da sauran yinin da zai zauna a ɗakin gwaje-gwaje. Na biyun ya ƙara tsada tun Afrilu 2024, lokacin da kuɗin wuta na manyan masu amfani ya ninka fiye da sau uku, jami'o'i suka riƙa ƙayyade awannin da ake kunnawa. Na ukun yana zuwa ne galibi daga TETFund, asusun da ya samo asali daga gwagwarmayar ASUU ta 1992, lokacin da Attahiru Jega, wanda daga baya ya shugabanci Jami'ar Bayero, yake jagorantar ƙungiyar. Harajin kashi 2 cikin 100 ne a kan ribar kamfanoni aka fara da shi a 1993, ya kai kashi 3 a 2023. Yawancin sababbin ɗakunan lacca da ake gani a jami'o'i da kuɗinsa aka gina su. Kason bincike na ƙasa da yake rabawa ya kai naira biliyan 8.5 a 2021, ga dukan jami'o'i da kwalejoji na gwamnati. Gini ana ganinsa a yanke masa ƙyalle. Sinadari da gyaran na'ura ba su da bikin buɗewa.

Idan aka tilasta wa malami ya wallafa maƙalu kafin ya sami ƙarin girma, ba a kuma ba shi abin yin binciken ba, sakamakon sananne ne. Za a sami tarin maƙalu na takardar tambayoyi a mujallun da ake biya a buga ba tare da tantancewa ba. Jerin jami'o'in duniya da mujallar Times Higher Education take fitarwa yana auna ingancin bincike ne da yawan yadda wasu masana suke kafa hujja da aikin jami'a. Wannan ma'auni yana da amfani, amma ba ya iya ganin tambayar dattijon Turawa. Ma'aunin da ya fi kusa da ita shi ne: ɗalibai nawa ne cikin masu kammalawa suka taɓa yin gwaji na gaske da hannunsu?

Lissafin bashin

A ƙaddara ɗalibin aikin gona ya karɓi naira dubu 100 ta rajista kowace shekara, da dubu 20 kowane wata, har shekara biyar. Jimla ta kama miliyan 1.7. Tsarin biya shi ne a riƙa cire kashi 10 cikin 100 na albashinsa. Idan ya sami aiki a kan mafi ƙarancin albashi na tarayya, naira dubu 70 da aka tsayar a 2024, zai riƙa biyan dubu 7 a wata, wato kimanin shekara 20 kafin ya gama. Idan bai sami aiki ba, doka ta ba shi damar neman a ɗaga masa ƙafa. Idan ya koma gona ko kasuwa, ana sa ran ya riƙa kai kashi 10 na ribarsa da kansa.

Wannan tsari yana da sauƙi ga mai karɓa, musamman da yake babu ruwa, hauhawar farashi kuma, wadda ta haura kashi 30 cikin 100 a 2024, tana rage nauyin bashin kowace shekara. Amma abin da ya zama sauƙi ga yaya shi ne haɗari ga ƙane. Kuɗin da zai dawo asusun ba zai kai darajar wanda ya fita ba, kuma ba zai dawo ba sam sai idan masu digirin sun sami aikin da ake iya cire wani abu a cikinsa. Ostareliya, wadda ta fara irin wannan tsari a 1989, tana karɓar nata ne ta hukumar haraji, a ƙasar da kusan kowa albashinsa a rubuce yake. A nan mafi yawan mutane suna cin abinci ne a inda babu takardar albashi. Don haka rayuwar NELFUND tana hannun ingancin karatun da take biya wa. Digirin da ba ya sa mutum ya iya komai ba zai biya bashinsa ba, kuma haka hukumar 1972 ta ƙare.

Akwai kuma wani abin lura. Tunda asusun yana biyan jami'a ne bisa kowane kai, kowane ƙarin ɗalibi ƙarin kuɗin shiga ne. Jami'ar da lantarki ya sha mata kai tana da dalilin ƙara ɗiba da ƙara farashi, ba ta da dalilin da ya kai wannan ƙarfi na ƙara malamai. Ingila ta ga irin haka bayan ta kai kuɗin makaranta fam dubu 9 a 2012 ta kuma cire iyakar ɗibar ɗalibai a 2015. Sai da ta kafa hukuma a 2018 da take bin diddigin ɗalibai nawa suke kammalawa da kuma irin aikin da suke samu. Sabuwar dokar haraji ta 2025 a Nijeriya ta haɗe harajin ilimi da wasu cikin haraji guda na kashi 4 cikin 100, wanda TETFund da NELFUND da wasu hukumomi za su raba. Daga tukunya ɗaya ke nan za a riƙa ɗibar kuɗin kujera da kuɗin ɗakin gwaje-gwaje, kuma ba wuya a gane wanda ya fi farin jini a lokacin zaɓe.

Haƙƙin mai saye

Muddin karatu kyauta ne, ana iya ce wa ɗalibi da hanau gara mannau. Ranar da aka rubuta masa bashi, ya zama mai saye, kuma ko a kasuwar ƙauye mai saye yana da haƙƙin ya ga an cika mudu a gabansa. Abubuwan da za su tabbatar da haka ba su fi ƙarfin hukumomin da ake da su ba.

Na farko, kowace jami'a da take karɓar kuɗin NELFUND ta riƙa bayyana, sashe-sashe, yawan ɗalibanta da yawan malamanta na dindindin, a wurin da mai cike takardar JAMB zai gani kafin ya zaɓa. NUC tana tattara waɗannan alƙaluma lokacin tantance darussa. Abin da ya rage shi ne uban yaro ya gan su. Na biyu, sashen da ya zarce ma'aunin NUC kada a ƙara masa ɗalibai sai ya ƙara malamai. Na uku, a ware wani kaso, ko daga TETFund ko daga kuɗin rajista, wanda ba za a taɓa shi ba sai domin kundin binciken shekarar ƙarshe a fannonin da suke buƙatar gwaji. Kuɗin awon ƙasar gona guda bai taka kara ya karya ba idan aka kwatanta da miliyan 1.7 da aka riga aka kashe a kan ɗalibin.

Gwamnatin jiha da ƙananan hukumomi ma suna da rawar takawa. Tunda tarayya ta ɗauki kuɗin rajista, wani ɓangare na tallafin da ake rabawa zai fi amfani idan aka ɗaura shi a kan matsalolin gida. Karaye da Rogo suna da nasu: ƙuduji, ƙwarin tumatir, ajiyar hatsi, ruwan sha, lafiyar masu juna biyu. Ƙaramar hukuma tana iya cewa duk ɗan yankin da zai yi kundinsa a kan ɗaya daga cikinsu, ita za ta biya kuɗin gwajin, sharaɗin kawai shi ne ya zo ya bayyana abin da ya gano da Hausa a gaban manoma da masu gari.

Jami'ar Kabo ita ce gwaji mafi kusa. Sabuwa ce, kuma a karon farko ɗan Turawa zai iya yin digiri a nisan da zai dawo gida ya taya noma a ƙarshen mako, abin da zai rage masa kuɗin abinci da masauki fiye da duk wani tallafi. Za a matsa mata lamba ta ɗebi kowa, domin kowane gida yana da yaro mai jiran gurbi, kowane ɗan siyasa yana da jerin sunaye. Mutanen yankin suna iya neman ta faɗaɗa ƙofa, kuma suna da gaskiya. Amma kafin su tambayi kujeru nawa aka ba su, ya kamata su fara tambayar malamai nawa aka ɗauka, da ko akwai wuta a ɗakin gwaje-gwaje, domin 'ya'yansu ne za su shafe shekara 20 suna biyan kuɗin amsar.